Hoto da Wucewar Zamani: Abin da Tsofaffin Hotunan Makka Suka Riƙe

Maganarmu ta yau a kan hoto take, da yadda yake kama lokaci ya riƙe shi. Ga abin da ya jawo ta. Kwanan baya ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da littattafai, sai ya zaro wata takarda daga cikin kundi, an buga tsohon hoton Masallacin Ka'aba a kanta, baƙi da fari. Muna cikin dubawa sai ga wani Alhaji maƙwabcinsa, mai sayar da yadi, wanda bai fi shekara biyu da sauke farali ba. Ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya ce, "Malam, in ba don Ɗakin da na gani a tsakiya ba, da sai in ce wani gari ne dabam. Ina benaye? Ina doguwar hasumiyar nan mai agogo? Waɗannan 'yan rumfuna da ke kewaye da Ɗakin kuma na mene ne?" Duk muka yi shiru. Kunyar wannan shiru ita ta sa na koma na bi diddigin al'amarin, ga kuwa abin da na samo.

Sai mu fara daga tushe, domin wanda bai san yadda ake kama sura ba, ba zai gane aikin da lokaci ke yi a cikinta ba. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da rana tsaka a ɗaki mai duhu, wanda ƙyaurensa ke da 'yar huda, watakila ya ga surar masu wucewa a waje tana gilmawa a jikin bango, kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Malamin da ya yi wa wannan abu bayani da hujja da gwaji shi ne Alhasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wajen shekara ta 965, wanda ya zauna a Alƙahira har ya rasu wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manaziri, mai maƙala 7, ya bayyana yadda in aka jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, hasken kowace fitila yakan ratsa ta huda guda ya sauka a bango daura da ita. In aka rufe fitila ɗaya, ɗigon haskenta kaɗai ke ɓacewa, sauran suna nan. Da wannan ya tabbatar cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma ba ya cuɗanya a bakin hudar. Akwatin ɗaukan hoto, tun daga na katako mai ƙafa uku har zuwa wanda ke cikin wayar aljihunka, ɗakin nan ne aka ƙanƙanta, aka sa gilashi a bakin hudar.

Sai dai surar da ke jikin bango ba ta zama. Mai wucewa ya wuce, ita ma ta bi shi. Aka yi kusan shekara 800 kafin a sami maganin da za a shafa a wurin da hasken ke sauka, ya riƙe abin da ya gani. Wani Bafaranshe mai suna Niepce shi ya fara dacewa, wajen shekara ta 1826. Ya shafa wa farantin ƙarfe wani irin kwalta wanda hasken rana ke sa shi tauri, ya sa a akwati, ya aje a tagar benensa yana fuskantar rufin gidaje. Maganin ba shi da kaifi, sai da farantin ya sha haske na aƙalla sa'a 8. Farantin yana nan har yanzu a wata jami'a a jihar Texas ta Amurka. Wanda ya dube shi da natsuwa zai ga rana ta haska ginin da ke hagu, ta kuma haska wanda ke dama, abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani a lokaci ɗaya ba. Watau hantsi da la'asar sun haɗu a faranti guda. Ashe tun daga hoton farko, tsawon wuni aka kama.

Bayansa sai Daguerre, wanda suka yi aiki tare. Shi da farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa ya yi nasa, ya rage lokacin ya koma 'yan mintoci. A shekara ta 1838 ya ɗauki wani babban titi na birnin Paris daga tagarsa. Titin kuwa na hada-hada ne, ga kekunan doki, ga masu tafiya a ƙasa. Da hoton ya fito sai ga gidaje, ga itatuwa, ga titi fayau kamar an yi shela kowa ya shige gida. Dalili, duk abin da ke motsi bai daɗe a wuri ɗaya ba har surarsa ta kama. Mutum ɗaya ne ya fito sosai a can kusurwa, ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi, tare da inuwar mai gogewar a durƙushe. Tsayawar da ya yi ita ta sa har yau ana ganinsa, sauran jama'ar titin kuwa babu ko alamarsu. Na yi ta tunani, da za a kafa irin wannan akwati a Kasuwar Kurmi ranar da ta cika, rumfuna za su fito, da tulin kaya, da mai gyangyaɗi a bakin rumfa. Dillali kuwa, wanda shi ya fi kowa aiki ran nan, ko ƙeyarsa ba za a gani ba. Hoton bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya ce ai kasuwar ba kowa, ya kafa hujja da shi, ya yi ƙarya.

Shekara 40 bayan wannan sai al'amarin ya juye. Wani attajirin Amurka mai kiwon dawakin sukuwa, Leland Stanford, wanda ya taɓa yin gwamnan Kalifoniya, yana son ya san ko doki in ya zura da gudu akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa. Ido ba ya iya yanke wannan hukunci. Ya ɗauki wani mai hoto ɗan Ingila, Muybridge. A shekara ta 1878 wannan ya jera akwatuna 12 a gefen filin sukuwa, kowane yana buɗewa ya rufe a cikin kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa daidai lokacin da dokin ya zo gabansa. Hotunan suka nuna lalle doki yana tashi sama gaba ɗaya, amma a sa'ad da ya tattare ƙafafunsa ƙarƙashin cikinsa. Masu zane kuwa shekara da shekaru suna zana shi ya miƙe na gaba gaba, na baya baya. Mahaya nawa suka rayu a kan sirdi suka mutu ba su san haka ba? To, ka ga akwati ɗaya yana iya tara wuni a wuri guda, yana kuma iya tsaga ƙiftawar ido ya fito da abin da ke cikinta.

Ban manta ba cewa malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, kuma ba wurin warware shi ke nan ba. Amma akwai wata kalma da ta fito daga cikin wannan muhawara wadda ta dace da zancenmu. Shaihu Muhammadu Bahit Almuɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya rubuta risala a kan mas'alar, inda ya siffanta ɗaukan hoto da cewa tsare inuwa ne. Ko mutum ya bi fatawarsa ko ya bi ta waɗanda suka saɓa masa, siffar dai ta yi daidai. Inuwa aba ce mai gushewa da gushewar rana, shi kuwa wannan akwati ya ɗaure ta a turke.

Tun da magana ta kawo mu Masar, sai mu koma kan hoton da Alhaji ya riƙe, domin Bamisire ne ya fara ɗaukan irinsa. Sunansa Muhammadu Sadik Bey, hafsan soja ne, masanin awon ƙasa. A shekara ta 1861, watau 1277 ta Hijira, aka tura shi auna hanyar alhazai daga tashar Wajhi a bakin Bahar Maliya zuwa Madina, ya tafi da akwatinsa, ya ɗauki birnin da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɗaukan hoto a wancan zamani wahala ce. A kan gilashi ake yi. Sai a shiga tanti mai duhu a shafa wa gilashin magani, a fito da shi da danshinsa a ɗauki hoton, a koma a wanke kafin ya bushe, duk a cikin kamar minti 10 ko 15. Ka auna wannan da zafin Hijaz da ƙurarta, ga gilasai da kwalabe a bayan raƙumi. A shekara ta 1880, 1297 ta Hijira, ya sake tafiya, wannan karo yana ma'ajin ayarin Masar, ayarin da ke kai rigar Ka'aba wadda a lokacin a Alƙahira ake saƙa ta. A wannan tafiya ya ɗauki Ka'aba da Mina da Arfa. Ya rubuta labarin tafiyar a littafi mai suna Mash'alul Mahmali, kuma a 1881 aka ba shi lambar zinariya a taron masanan ƙasa a birnin Venis na Italiya saboda waɗannan hotuna.

Bayansa da 'yan shekaru sai wani likita mazaunin Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki nasa masu yawa. Wani Bature ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya buga su a Turai a 1889. Aka kankare sa hannun likitan daga jikin hotunan, aka daɗe ana jingina su ga Baturen, sai daga baya masu bincike suka mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu ga amsar tambayoyin Alhaji. 'Yan rumfunan nan su ne ake kira maƙamai, wuraren tsayuwar limaman mazhabobi. Ƙarnuka da dama kowace mazhaba da limaminta a cikin Masallacin, kowa yana jan nasa sahu. Na Hanafiyya shi ne babba mai bene, na Malikiyya da na Hambaliyya ƙanana ne a kan ginshiƙai, limamin Shafi'iyya kuwa bayan Maƙamu Ibrahim yake tsayawa. Kakanninmu da suka taka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, suka yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago har suka haye teku daga Sawakin, in sun iso, rumfar Malikiyya ce tasu. Bayan da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924 sai aka haɗa jama'a bayan limami ɗaya. Gine-ginen suka saura ba aiki, har aka kawar da su don a buɗa wa masu ɗawafi, bayan da aka soma babban aikin faɗaɗa Masallacin a 1955. Haka ginin da ke kan rijiyar Zamzam, yana nan a hoton kusa da Ɗakin, inda ake ja da guga. Yau rijiyar tana ƙarƙashin daɓen ɗawafi, inji ke jawo ruwan. Ga wata ƙofa mai baka tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili ba bango, ita ce Babu Bani Shaiba, alamar iyakar Masallacin ta farko. Ga hasumiyoyi 7, ga jerin ƙananan ƙubbobi na ginin Turkawa, ga filin tsakuwa da 'yan hanyoyin dutse sun ratsa shi.

'Yan kasuwa kuma su ji wannan. Tsakanin Safa da Marwa, inda yau Alhaji ya yi sa'ayi a kan marmara, cikin sanyin na'ura, hawa bisa hawa, a zamanin waɗannan hotuna titin kasuwa ne a wajen Masallaci, da shaguna dama da hagu. Mai sa'ayi yana sassarfa yana kauce wa masu ciniki da dabbobi.

Hasumiyar agogo kuwa, a duba saman hoton, can bisa dutse, za a ga wata ganuwa mai kauri ta leƙo Masallacin. Sunanta Ajyad, Turkawa suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 18 don tsaron garin. A shekara ta 2002 aka rushe ta, aka baje dutsen da take kai, har gwamnatin Turkiyya ta yi ƙorafi mai zafi. A gurbinta aka tayar da benayen nan, da hasumiyar da ta kai mita 601, aka gama a 2012. Masu goyon baya suka ce alhazai sun kai miliyoyi, dole a sama musu masauki. Masu suka suka ce an shafe tarihi, an kuma yi wa Ɗakin rumfa da abin da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ni dai abin da na lura, da ba don gilasan Sadik Bey da na likitan nan da waɗanda suka biyo bayansu ba, da masu gardamar ba su da abin da za su ɗora yatsa a kai su ce ga yadda wurin yake a da.

A nan ne na gane hoto yana da lokaci iri biyu. Akwai wanda ya shiga cikinsa sa'ad da akwatin ke buɗe. Masu hoto na yanzu sukan bar shi a buɗe da gangan daga saman Masallaci, sai masu ɗawafi su narke su zama kamar farin ruwa mai juyawa, Ɗakin kaɗai ke tsaye da kusurwoyinsa. Wannan aikin titin Paris ne aka maimaita. Akwai kuma lokacin da ke taruwa a bayansa tun daga ranar da aka ɗauke shi. Ran da aka wanke hoto, ba ya gaya wa kowa abin da bai sani ba, kowa ya leƙa waje zai ga abin da idonsa. Sai an shekara 50, an rushe ginin, an binne mutanen, sa'an nan yake zama shaida. Kayan da ajiya ke ƙara musu kuɗi ba su da yawa a kasuwa, hoto yana cikinsu. Yaron Kano na yau, ka gaya masa an taɓa tara buhunan gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa har suka yi tsini kamar duwatsu, ana ce musu dala, sai ya ɗauka zuƙi ta malle ce irin ta tsofaffi. Nuna masa hoto, sai ya yi shiru.

Amma shaida ba ta karɓuwa sai an san mai ba da ita. Malamai sun fi kowa sanin wannan. Marubucin kirki in ya kai ƙarshen littafi yakan sa sunansa da na mahaifinsa, da garin da ya rubuta, da rana da wata da shekara, har ya roƙi addu'ar mai karatu. Hadisi kuma ba a karɓarsa sai da isnadi. To, me ya sa muke aje hoto tsirara, ba suna ba shekara? Hotunan Sadik Bey suna da daraja domin an san wanda ya ɗauka da shekarar da ya ɗauka, ga littafinsa yana mara musu baya. Na Abdulgaffar kuwa, kankare suna ɗaya ya sa aka yi shekaru ana yabon wani da aikin wani. Yau abin ya fi haka muni. Hotuna suna yawo a wayoyi an rubuta "Makka shekara 500 da suka wuce", alhali kuwa sana'ar hoton kanta shekara 200 ke gare ta. Ga kuma na'urorin zamani masu ƙirƙiro surar abin da bai taɓa faruwa ba, su sa mata launin tsufa. Mai hankali sai ya yi wa hoto irin binciken da ake yi wa mai ruwaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma abin da ke ciki ya dace da shekarar da aka faɗa? In ka ga rumfunan limamai a tsaye, hoton ya girmi faɗaɗawar Sa'udiyya ko ya zo a farkonta. In ka ga ganuwar Ajyad, bai wuce 2002 ba. In ka ga ruwa ya cika filin ɗawafi har mutane suna iyo, mafi shahara a irin waɗannan shi ne na ambaliyar 1941.

Ni kaina abin ya ci ni. Da mahaifina ya rasu muka buɗe adakarsa, muka sami wani hoto: mutum tara a jere cikin manyan riguna, a gaban jirgin sama, ranar da za su tashi zuwa aikin haji. Bayan takardar fari fat. Na kai wa goggona, na ce, "Goggo, su wane ne waɗannan?" Ta ɗaga shi wajen haske ta kira biyar da sunayensu da unguwanninsu, har da sana'ar kowa. Sauran huɗu ta ce bari ta tuna, in komo wani jiƙon. Na ce to, ban kuwa rubuta ko biyar ɗin ba, ina ganin ai na riƙe. Kasuwa ta ɗauke mini hankali, damina ta wuce, Allah ya yi mata rasuwa. Yau uku kaɗai nake iya kira, ɗayansu mahaifina ne. Gara kuma ta ci kusurwar da mutum na tara yake tsaye, saura hularsa da kafaɗa ɗaya.

Domin takardar hoto ita ma tana tsufa. Danshi yana manne ta da 'yar'uwarta, rana tana kashe ta, masu launi sukan koma ja-ja bayan 'yan shekaru, baƙi da fari ya fi su jimiri. Wanda ke cikin waya kuwa, ranar da wayar ta faɗa rijiya ko ta bi ɓarawo, dubu sukan tafi tare in ba a aje su wani wuri ba. Mai tsohon hoto a gida ya nemi dattijon da ya san mutanen tun yana da rai, ya rubuta a baya da fensir, domin tawadar biro takan huda takarda ta ɓata fuska. In ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Ya sa sunaye daga dama zuwa hagu, da gari, da shekara ko da ta kirdado ce, kamar a ce shekarar da aka naɗa Sarki wane. Ya sa a ambulan, ya aje inda yake aje takardun gona da na gida.

Da na koma rumfar abokina na tarar da Alhaji, na nuna masa ganuwar da ke bisa dutse, na ce nan ne agogon yake yanzu. Ya daɗe yana kallo, ya bi gangaren dutsen da ɗan yatsa har ƙofar Masallaci, ya ce lalle ta nan yake saukowa sallar asuba. Sa'an nan ya tambayi wace ce rumfar Malikiyya, domin kakansa ya yi haji a ƙasa, shekara bakwai bai komo ba. Ya biya aka buga masa kwafe ɗaya. Kafin ya naɗe, mai littattafai ya karɓa ya juya bayan takardar, ya ciro fensir daga bayan kunnensa.